Kwamfutar Da Ke Gaida Inna

Duk wanda ya ga Ruwaida ta sauko daga mashin a bakin kasuwar Tambuwal ran nan, zai rantse jariri ta rungumo. Ta naɗe abin da zanin atamfa, ta manna shi a ƙirji, tun daga Kebbe kuwa ba ta yarda ya gogi ƙarfen mashin ba duk da ramukan hanya. Hannuwanta sun sage, amma ba ta sauke ba sai a kan teburin wani ɗan shagon gyara da aka kwatanta mata.

Mai shagon, Nasiruddeen, ya ɗago kai daga abin da yake kwancewa. Siririn saurayi ne mai tabarau, an ɗaure ƙafar tabarau ɗin guda da zare. Ya dubi zanin, ya dubi mai zanin, sai kallon ya ɗan daɗe fiye da yadda sana'a ta tanada.

"Sannu da hanya. Marar lahiya kika kawo muna?" ya ce yana murmushi.

Ruwaida ba ta yi dariya ba. Ta warware zanin, wata tsohuwar kwamfuta ta bayyana, irin mai akwati.

"Kafin ka taɓa ta, ka yi mani alkawali ba ka wanke ta. Dut inda nik kai ta, abin da suka cewa ke nan, a goge komi a sa sabo."

"Bari dai in ji ta bakinta tukuna."

Ya jona mata allo da lasifika, ya kunna. Farin rubutu ya yi ta gudu a kan baƙin allo, can sai muryar namiji ta cika shagon, mai sanyi, da ɗan jan harshen Sakkwatawa.

"Assalamu alaikum Inna. Yau Litinin. Kin tashi lahiya?"

Nasiruddeen ya ja baya da kujerarsa. Ruwaida kuwa ta sunkuyar da kai, don har yau ba ta iya jin muryar nan idonta bai kawo ruwa ba.

"Yayana na, Mu'awiyya," ta ce. "Ya rasu, haɗarin mashin."

A hankali ta ba shi labari. Ciwon ido ne ya ɗauke wa mahaifiyarsu Inna Atu gani. A unguwarsu kira ba ya daɗewa bai yanke ba, don haka 'yan uwa na Jabo da na Fakku saƙo suke turowa. Mu'awiyya da ya yi karatun kwamfuta sai ya zauna ya yi ta karanta wa na'urar nan kalmomi, har ta koyi muryarsa. Ya saka layin Inna a cikin modem, 'yar na'urar da ke kamo wa kwamfuta sabis, duk saƙon da ya shigo sai ta karanta mata. Kullum safiya kuma ita ke fara gaida Inna. Tun rasuwarsa Inna ba ta kai komai baki sai ta amsa gaisuwar nan. Yanzu modem ɗin ya ƙone, an sayo sabo, kwamfutar ta ce ba ta san shi ba.

Nasiruddeen ya daɗe yana latse-latse, fuskarsa tana sauyawa.

"Yayanki ba ƙaramin mutum ba na, Allah ya jiƙanai. Tsarin da ka tafiyar da ita Linux na, amma ba irin wanda aka saba ba. Sauran kwamfutoci kamar mai sayen fura damammiya suke, a miƙo masu manhaja a shirye. Wagga kuwa damin gero aka kawo mata, ita za ta sussuka, ta daka, ta dama. Kowace manhaja a nan cikinta aka gina ta daga tushe. Yaushe rabon da a sabunta ta?"

"Tun rasuwatai ba wanda yat taɓa."

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Ba ni ɓoye maki, tsoron ta nika ji. Komi nata ya tsufa, kuma kowane abu jingine yake da wani. In ka ja guda, goma su biyo shi."

Abin mamaki, wannan maganar ce ta kwantar wa Ruwaida da hankali. Duk waɗanda ta je wurinsu a baya ba wanda ya ji tsoro, shi ya sa ta gudu da kayanta.

Wuni guda ta yi a shagon. Ya sake gina mata abin da ya kira zuciyar kwamfutar, don ta gane sabon modem. Rubutu na ta zuba a allo, su kuma ba abin yi sai jira, jira kuwa ba ya yiwuwa baki rufe. Ya aika aka sayo mata masa, ta ce ta ƙoshi, ta kuma cinye. Kafin la'asar fitilar modem ta kama. Ya nemi lambar layin Inna don ya gwada, ya adana ta da sunan Ruwaida, ya tura saƙo.

"A ƙara wa 'yar Kebbe masa," in ji muryar Mu'awiyya.

Nasiruddeen na dariya, sai ya ga fuskarta ta ɗaure.

"Kar ka ƙara," ta ce. "Ba abin wasa ba ta."

Dariyar ta mutu nan take. Ya ba ta haƙuri har sai da ita ta fara jin kunya. Da za ta tafi ya roƙi lambarta ta kanta, wai don bin lafiyar marar lafiya. Ta ba shi tana kallon ƙasa. Shi kuwa bawan Allah don ɗoki, ita ma ya adana ta da sunan Ruwaida.

Bin lafiyar marar lafiya dai ya zama kullum.

"'Yar Kebbe, ya mai jiki? Ta gaida Inna yau?"

"Ta gaishe ta, Injiniya. Har ta karanta saƙon Yaya Bashira daga Jabo. Inna ta sa maka albarka."

"Albarkar Inna na karɓa. Ke fa, ba ki da abin da za ki ce mani?"

"Ka canza zaren tabarau ɗinka, ya yi dauɗa."

Takan karanta saƙonninsa ta kife wayar a ƙirji, ta sake ɗagowa ta karanta. Sai dai farin cikin nata ba ya zuwa shi kaɗai, kullum da fargaba a bayansa. Mahaifinta Malam Sama'ilu ya riga ya nuna inda hankalinsa ya kwanta: Abdulganiyyu, ɗan amininsa, mai shagon wayoyi a Kebbe. Ba mugu ba ne Abdulganiyyu, kawai dai irin mutanen nan ne da ba su taɓa cewa ban sani ba. Ga kuma kwamfutar, wadda ta koma rabi sabuwa rabi tsohuwa. Wani lokaci sai ta daskare a tsakiyar saƙo, Inna ta yi tsit da kofi a hannu.

"Dole a ƙarasa sabunta ta gaba ɗaya," Nasiruddeen ya rubuto. "Kar ki sake ɗauko ta a hanyar nan. Ni zan zo."

Ya zo ranar wata Asabar da hantsi, rigarsa duk jar ƙasar hanya. Ya durƙusa ya gaida Malam Sama'ilu a zaure, Malam ya amsa a taƙaice yana auna shi da ido. Inna kuwa da ta ji sallamarsa sai ta ce ya matso, ta ce yaron ga a maganarsa akwai kunya.

Kwamfutar na ɗakin Inna, a kan ɗan tebur kusa da batirin sola. Da farko ya kwafe muryar Mu'awiyya da manhajar da marigayin ya rubuta, ya zuba a filashi. Sannan ya fara fama. Sau da yawa yana ba da umarni, allo ya cika da jan rubutu: wannan na son sabon wancan, wancan ya ce ba ya zama da sabon wannan. Ya yi ta lallaɓa su ɗaya bayan ɗaya, gumi na ɗiga daga haɓarsa, har jan rubutun ya ƙare, ginin ya kama hanya.

"Za ta kwana ta wuni tana aiki, ta tsufa," ya ce wa Ruwaida a bakin ƙofa. "Magana za ta ci gaba da yi, kar ki damu. Abu guda nika roƙo, kar ta mutu kafin ta gama. In wuta ta yanke tana tsakiyar canza ginshiƙinta, ba ta tashi."

Ya miƙa mata wani filashi na biyu, ya ce na ceto ne, ta ajiye, Allah ya sa ba a buƙace shi ba. Ya so ya ƙara wata magana, sai tarin Malam ya taso daga zaure, ya haɗiye ta ya tafi.

Bayan la'asar Malam Sama'ilu ya shigo ɗakin Inna kamar yadda ya saba, ya zauna a bakin gado. Ruwaida na tsugune tana duba batir. Kwamfutar ta yi ɗan ƙaran nan na shigowar saƙo, Inna ta gyara zama tana murmushi.

"Ruwaida, na iso, amma rabina yana Kebbe," in ji muryar Mu'awiyya. "Tun ranar da kika shigo shagona ba ni da sauran natsuwa. Ina son ki, 'yar Kebbe, ina son ki son da ban san yadda..."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Malam ya miƙe zumbur. Ruwaida ta ga inda hannunsa ya nufa, ta yi ihu, "Baba, a'a!" Amma ya riga ya finciko wayar wuta daga jikin akwatin. Fankar ta yi 'yar ƙara ta tsaya, allo ya yi baƙi.

"Ɗana shina kwance cikin kabari, za a sa shi zance da ƙanwatai? A gaban uwatai?" Malam ya juyo kan Ruwaida. "Yaron ga in ya ƙara tako ƙofar gidana ban yafe ba. Ke kuma kin ji ni."

Ruwaida ba ta ma ji kunyar da ya kamata ta ji ba, tsoro ya danne ta. Da Malam ya fita ta mayar da wayar, ta danna. Rubutu ya fara gudu, ya yi layi kaɗan, ya tsaya cak. Ta kashe ta kunna, nan dai ya sake tsayawa.

Da safe Inna ta zauna a bakin gado ta fuskanci tebur, tana jira. Ruwaida ta kawo kunu ta ajiye. Har rana ta ɗaga ɗakin shiru.

"Bai yi magana ba," Inna ta ce.

"Gyara aka yi mata, Inna. Ki sha ko kaɗan."

"Aje nan. Sai ya gaishe ni."

Kunun ya huce, aka ɗauke. Washegari ma haka. Sai da lallashi take kurɓar ruwa. Ta daina tambaya, ta kwanta ta juya wa ƙofa baya, irin kwanciyar da ta yi a makon rasuwar Mu'awiyya. Ruwaida takan tsaya a kanta tana kallon zanin, ta ga ko yana motsi da numfashi. Ta riga ta binne yaya, ba ta san yadda za ta yi ba in aka ce uwa ma.

Wayarta kuwa ba ta huta ba, Nasiruddeen na ta kira, tana ƙin ɗauka. Ta tuna saƙon masar nan na shago, ta ce a ranta ashe bai daina wasan ba. Ta gargaɗe shi, ya ba da haƙuri, ya kuma maimaita a gaban iyayenta.

Abdulganiyyu ya zo dubiya da lemo a leda. Ya leƙa allon, ya taɓe baki.

"Baba, ta mutu. Ni na san irin yaran ga, da gangan yay yi don a san da shi. A ba ni ita in wanke ta tas, in sa mata irin ta kowa. Ita ma tana da murya mai karanta saƙo, har ta mace akwai."

Malam ya dubi gadon Inna, shi ma ya rame a 'yan kwanakin nan. Can ya ce, "Ka zo ran Alhamis ka ɗauka."

Ruwaida ta fice daga ɗakin. Ta shiga bayan rumbu ta buɗe saƙonnin da ta ƙi karantawa.

"Ruwaida, wallahi kuskure na yi. Sunanki biyu ne a wayata, layinki da na Inna. Cikin gaggawa na danna wanda ba shi ba. Ki tsane ni in kin so, na cancanta. Amma ki gaya mani, tana aiki?"

Na ƙarshe ya fi tayar mata da hankali.

"Na gwada tada muryar Yaya a tawa kwamfutar da kwafin da na ɗauka, ta ƙi. Manhajarsa na dogara da wani tsohon ƙunshin sauti da aka daina amfani da shi. Na duba ko'ina a intanet, an cire shi. Inda kawai nake sa ran ya rage shi ne cikin faifan kwamfutarku. Don girman Allah kar a bari kowa ya wanke ta."

Ta share hawaye da gefen hijabi ta rubuta, "Baba ya zare waya, ya ce kar ka ƙara tako gidanmu. Ta mutu. Inna ba ta cin abinci. Alhamis za a wanke ta."

Amsa ta zo kafin ta sauke hannu. "Ba zan taka gidanku ba tunda Baba ya hana. Ke za ki yi. Filashin ceto yana wurinki?"

"Ni? Ban san komi ba, Injiniya. In na ƙarasa kashe ta fa?"

"Ni ma tsoro nake ji, sanyin idona. Mu ji shi tare. Harafi ɗaya ba za ki danna ba sai na turo miki."

Haka suka fara, a duk lokacin da Malam ya tafi gona. Ta soka filashin, kwamfutar ta tashi ta cikinsa. Yana turo umarni, tana kwafa harafi bayan harafi da yatsa guda, tana bismillah kafin kowane dannawa, sannan ta ɗauki hoton allo ta tura, in hoton ya ƙi tafiya ta rubuta da hannu. Abu na farko da ya sa ta yi shi ne leƙa rumbun da kwamfutar ke tara ɗanyun kayan da ta taɓa saukewa. Sunaye suka zubo ba iyaka. Ta bi su da yatsa, har ta kai kan wanda ya faɗa mata.

"Yana nan!"

"Alhamdu lillahi. Kwafe shi a filashi yanzu yanzu, kafin komai."

Sai dai samun ƙunshi daban, tada mamaciyar kwamfuta daban. Ginshiƙin da wuta ta yanke a kansa rabinsa aka rubuta, ko ƙofa ba ya bari a shiga. Sai da suka ɗauko lafiyayye daga filashin suka saka mata, sannan ginin ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ya sa ta rubuta wa kwamfutar doka cewa tsohon ƙunshin nan kar a taɓa shi, kar a canza shi da sabo har abada. Ran Laraba da yamma suka zo kan manhajar Mu'awiyya kanta. Ta yi nisa, sai jan rubutu ya tare ta. Ruwaida ta kifa kai a tebur ta yi kuka marar sauti, don kar Inna ta ji.

"Maginin manhajojin kwamfutar ne sabo, yana ƙyamar tsohon salon rubutun Yaya," Nasiruddeen ya rubuto da ya ga hoton allon. "Akwai yadda ake ce masa ya yi haƙuri da tsohon salo. Ban tabbata zai yi ba. Mu gwada da safe, in rana ta ɗaga batir ya samu wuta."

Safiyar Alhamis ta ƙara kalmomin da ya turo, ta danna. Rubutu ya fara zuba. Yau sabis ya yi kirki, sai ta kira shi, ta buɗe murya ta ajiye wayar kusa da madannai. Inna na kwance ta ba su baya, ba a san ko barci take ba.

"Tana tafiya?" ya tambaya.

"Tana tafiya." Ta yi ƙasa da murya. "Nasiru, in ta tashi, komi anka rubuta mata faɗi za ta yi ko?"

"Haka na."

"To mi zai hana mu sa Yaya ya ce Baba ya yafe maka? Baba bai taɓa ƙin maganatai ba. Kalma kaɗan ta, ba wanda zai sani."

Ita kanta ta san maganar ba ta da kyau, amma tsoron rasa shi ya kai ta inda ba ta zata ba.

"A'a, Ruwaida. Sau biyu nis sa mai magana a baki, guda da wauta, guda da kuskure, kin ga inda ta kai mu. Muryar ga don Inna yab bar ta, ba don ni ba. In Baba bai ba ni ke da bakinai ba, ba ni karɓa da bakin mamaci. Ko zan mutu da son ki."

Inuwa ta rufe hasken ƙofa. Ruwaida ta waiga. Malam Sama'ilu ne a tsaye, bai je gona ba ashe, daga zaure kuma ana jin tarin mashin ɗin Abdulganiyyu. Ya tako a hankali har gaban teburin. Hannunsa ya sauka a kan akwatin, dab da wayar wuta.

"Baba..." in ji Ruwaida.

Nasiruddeen ya gane daga muryarta. "Baba, in kai na, ina gaisuwa. Na yi laifi, ba ni da bakin kare kaina. Ka hana ni Ruwaida in ka ga dama. Amma don Allah kar a zare wayar ga, saura kaɗan."

Malam ya sunkuyo kan allon. Ya dubi rubutun da ke gudu, ya dubi bayan matarsa da ya zama ƙashi. Ya janye hannunsa ya zauna a ƙasa, abin da Ruwaida ba ta taɓa gani ba.

Fanka na kuka, rubutu na zuba, Ruwaida na jan duk addu'ar da ta zo bakinta. Abdulganiyyu ya yi sallama daga zaure har ya gaji. Can rubutun ya tsaya. Babu ja.

"Ya tsaya, ba ja," ta raɗa.

"Cire filashin. Ki kashe, ki kunna."

Ta yi bismillah ta danna. Layuka suka taso, suka iso daidai inda suke tsayawa kullum, suka wuce.

"Assalamu alaikum Inna. Yau Alhamis. Kin tashi lahiya?"

Zanin da ke kan gado ya motsa. Inna ta juyo da ƙyar, ta dafa bango ta zauna.

"Wa alaikumus salam. Lahiya lau, ɗan albarka. Ka daɗe."

Malam ya rufe fuska da hannun riga. Ruwaida na shirin sulalewa ƙasa don godiya, sai ƙaran saƙo ya tashi. Kwamfutar ba ta manta ba, akwai saƙon da ba ta gama karantawa ba, ta kuwa ɗauko shi daga farko.

"Ruwaida, na iso, amma rabina yana Kebbe..."

Ruwaida ta zabura za ta rage murya. Daga cikin waya ana jin Nasiruddeen yana salati.

"Bar shi ya ƙare," Inna ta ce. "Ran nan ba a bari nij ji ƙarshe ba."

"...ina son ki son da ban san yadda zan ɓoye shi ba. Na ga Baba yau, kwarjininsa ya hana ni buɗe baki. In kin amince, zan turo iyayena wurinsa. Ba na son in ƙara yi miki irin wannan magana sai da izninsa."

Saƙon ya ƙare. Sai ga Inna tana dariya, 'yar siririya, ta wanda ya kwana biyu bai ci ba.

"Malam, ai ka ji. Da ka yi haƙuri kaɗan da ba mu sha wuyar ga ba. Ni na san ba Mu'awiyya na ba, ban haukace ba. Muryatai ta dai, kuma yaron ga ya san darajarta. Ruwaida, ina kunun?"

Malam ya ɗauki wayar da ke kan tebur, ya riƙe ta nesa da fuska kamar mai zafi.

"Kai yaro. Ni niz zare, ba kai ba. Ka ce wa manyanka ina nan. Kuma ka gyara sunayen ga na cikin wayarka."

Abdulganiyyu ya koma da mashin ɗinsa ba kaya. Ya yi fushi na ɗan lokaci, amma ranar ɗaurin aure bayan kaka sai ga shi da lasifika ya kawo aro, yana gaya wa mutane ai tun farko shi ya san za ta gyaru.

An ɗaura a ƙofar gidan Malam Sama'ilu, mutanen Tambuwal suka cika unguwa, na Jabo da Fakku ma ba a bar su a baya ba. Da za a tafi da amarya, Inna ta shafa fuskarta tun daga goshi har haɓa, ta ce Allah ya yi mata albarka, ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai jin ƙai. Ruwaida ta fita tana waigen ɗakin. An bar wa Malam amanar kwamfutar, ya kuma ɗaure wayar wutar da tsumma a ƙafar tebur, don ko shi kansa bai yarda da hannunsa ba.

Washegari da safe a Tambuwal, Nasiruddeen ya same ta zaune da waya a hannu, ido ya yi ja.

"Amaryata, mi ya faru?"

"Wa zai kai mata kunu yau?"

Ya zauna kusa da ita, ya ciro tasa wayar, ya nemo lambar da yanzu ke ɗauke da sunan Inna, ya miƙa mata.

"Ki rubuta mata. Wagga maganarki ta, ba ƙarya cikinta."

Ta rubuta, "Inna, ni ce Ruwaida. Na kwana lafiya, mutanen gidan suna da kirki. Ki sha kununki."

Ba a jima ba wayar ta yi ƙara, Malam ne ya kira ya miƙa wa Inna. Layin na yankewa yana dawowa, amma Ruwaida ta ji abin da ta ce sarai.

"Na sha, ɗiyata, har na ƙara. Allah ya yi maku albarka ke da mijinki. Yau ɗiyana biyu sunka gaishe ni da baki guda."